Neman kalma: me za mu kira "domicile" a takardun shiga makarantun sojan Amurka?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ana fassara bayanin shiga makarantun horar da hafsoshin Amurka, wato West Point ta sojan ƙasa da Annapolis ta sojan ruwa da ta mayaƙan sama a Colorado, domin iyayen da 'ya'yansu 'yan Amurka ne amma a waje suka tashi. Kalma biyu sun cije: "domicile" da "nomination", wato miƙa sunan mai neman shiga da ɗan majalisar Amurka ke yi wa makarantar. Na sa "jihar asali" da "naɗi". A duba min.

Barista:
Wa alaikumus salam. Malam, cire "jihar asali" tun ba ta yi ɓarna ba. Mai karatu na ganinta zai tuna takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, irin wadda makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ke nema, inda ake bin garin kakanni. Amurka ba ruwanta da kakanni. Dokarsu ta ce wanda sanata zai tsayar sai ya zama ɗan jiharsa a idon doka, na ɗan majalisar wakilai kuma sai ya zama ɗan mazaɓarsa. "Domicile" shi ne wurin da doka ke lissafa ka ɗan gida ko da ba ka nan, muddin ba ka kafa wani gidan na dindindin ka bar wancan ba. Mutum na iya mallakar gida uku, amma wannan ɗaya ne tak. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa na iyayensa yake bi.

Malamar Hausa:
To ashe "mahaifa" ma ta faɗi, tunda ba haihuwa ake bi ba. "Masauki" na baƙo ne. "Matsuguni" kunne ya saba jin ta kan 'yan gudun hijira. Saura "mazauni", sai dai ita kaɗai za ta haɗa har gidan hayar da iyalin ke ciki a Dubai ko Abuja. Ni na fi son "mazaunin doka". A bar "wurin zama" ga inda ake kwana a tashi.

Mai ba ɗalibai shawara:
Hajiya ta yi daidai, kuma kalmar ta dace da abin da ofisoshin 'yan majalisa ke dubawa: rajistar zaɓen uba ko uwa, lasin tuƙi, da takardar biyan harajin jiha. Wata dokar Amurka ta 1986 ta ba Ba'amurken da ke waje damar zaɓe da adireshinsa na ƙarshe a Amurka, shi ya sa rajistar ke da nauyi. Jihohi irin su Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi, don haka can babu wannan hujjar, sai a dogara da sauran. In uban soja ne, takardar albashinsa ta wata-wata na nuna jihar da ya ayyana.

Inda ake tuntuɓe: uba ya yi rajistar zaɓe a Houston, lasinsa na Maryland, yaro kuma ya rubuta adireshin kawunsa a Ohio don ya ji can babu cunkoso. Takardu uku, jiha uku, ofishi ya ajiye fayil gefe. A jiha ɗaya kaɗai ake nema: sanatocinta biyu da ɗan majalisar mazaɓar. Wanda iyayensa ba su da jihar da za su iya kafa hujja a kanta ya nemi Mataimakin Shugaban Ƙasa ya tsayar da shi, wanda ba ya sharaɗin jiha.

Barista:
A kuma raba "mazaunin doka" da "zama ɗan ƙasa", wannan hujjarsa daban. Wanda aka haifa a waje, takardarsa ita ce FS-240, rahoton haihuwa da ofishin jakadanci ke bayarwa, kuma sai kafin ya cika 18 ake nema. In ɗaya daga cikin iyayen ne kaɗai Ba'amurke, galibi sai ya nuna ya zauna a Amurka shekara 5 kafin haihuwar, 2 daga ciki bayan ya wuce 14. Wanda lokaci ya ƙure masa ya nemi fasfo ko ya cika fom N-600 na neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kada a jira, don shiga makarantar kanta daga shekara 17 ne, kuma kada mutum ya cika 23 kafin 1 ga Yulin shekarar shiga.

Malamar Hausa:
"Naɗi" fa? A wurinmu in an naɗa, rawani ya hau kai, magana ta ƙare.

Mai ba ɗalibai shawara:
Shi ne matsalar. Ɗan majalisa sunaye kawai yake miƙawa, makaranta ce ke ba da gurbi. Kowannensu ɗalibai 5 kaɗai zai iya samu a kowace daga cikin makarantun uku a lokaci guda, kuma mutane da yawa yake turawa kan gurbi ɗaya. "Tsayarwa" ta fi, kamar yadda jam'iyya ke tsayar da ɗan takara ba tare da ta ba shi kujera ba. A kuma ƙara layi ɗaya: makarantar masu tsaron gaɓar teku da ke New London ba ta buƙatar tsayarwar kowa.

Mai fassara:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Na gyara: "mazaunin doka", "wurin zama", "tsayarwa", sai "samun gurbi" ga matakin ƙarshe. A wurin da "mazaunin doka" ya fara fitowa zan sa gajeren bayani cewa ba jihar asali ake nufi ba.