Ina shamuwa da ungulu suka tafi?

Manomi, Daura:
Assalamu alaikum. Muna yara, da zarar shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu ta fara tara kirare, mahaifina yakan fito da iri da sungumi, domin ya san damina ta ƙarato. Bana sheƙa biyu kacal na ƙirga a unguwarmu, ungulu kuwa na manta rabon da in gan ta, ko a mahauta. Sauyin yanayi ne ya kore su, ko da hannunmu a ciki?

Tsohon malamin gona, Katsina:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ne. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa da yawa suka bushe, fadamu suka riƙa ƙafewa da wuri, alhali a nan shamuwa ke samun kwaɗi da fara. Abin da fari ya bari kuma gatari ya bi shi, aka sare tsamiya da kanya don itacen girki da gawayi, har tsuntsu ya rasa inda zai yi sheƙa. Shawarata ita ce mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke abin da suke kira sassaben zamani: idan kututture ya yi toho a gona ba a nome shi, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da haka suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, galibi da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana.

Malamar makaranta, Mai'aduwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma batun ungulu ba na ɗora shi a kan yanayi. Da idona na ga kawunanta a busashe a shimfiɗar masu magani ranar kasuwa, wasu kuma guba suke sa mata a mushe. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, ta yaya za ta mayar da gurbin abin da ake kashewa? Tun 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Manomi, Daura:
Na gode ƙwarai, Baba da Malama. Akwai tohon gawo guda bakwai a gonata da na yi niyyar sassabewa, yanzu zan kewaye su da ƙaya saboda awaki. Maganar ungulu kuma zan kai ta gaban mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.