A ina ya fi dacewa mu ajiye sabobin manhajar koyarwa kai tsaye?

Aminu:
Assalamu alaikum. Muna shirin kafa manhajar koyarwa kai tsaye ta murya da bidiyo ga ɗalibai a Kano, Sakkwato da Maiduguri, kuma kuɗinmu bai wuce na sabobi biyu ba, wato manyan kwamfutocin da manhajar za ta yi aiki a kansu. Shin mu yi hayar wuri a Turai inda ya fi araha, ko mu ajiye su a gida?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ku fara tantance iyakar jinkirin da aikin zai jure, domin ita ce za ta raba gardama. Shawarar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro. Haske yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin wayar fayiba, kuma kebul ɗin intanet na ƙarƙashin teku na MainOne daga Legas zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000. Ke nan idan malami da ɗalibinsa duka suna Kano amma sabar tana Turai, milisakan 70 sun tafi a zuwa da dawowa a teku kaɗai, ba a ma lissafa tazarar Kano zuwa Legas da jinkirin layin wayar salula ba.

Bashir:
Maganar Injiniya gaskiya ce, sai dai kusanci a taswira ba shi ne kusanci a intanet ba. Ana iya ajiye saba a Kano, amma bayanan ɗalibin da ke Fagge su je Legas su dawo, idan can ne kamfanin layinsa yake musayar bayanai da sauran kamfanoni. Cibiyar musaya ta IXPN tana da reshe a Kano, don haka ku tambayi masu wurin ajiyar ko suna haɗe da ita, sannan ku auna jinkiri ta kowane layi da daddare, lokacin da hanya ta fi cunkoso.

Malam Yakubu:
Kada ku zuba ƙwanku duka a kwando ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024 kebul ɗin WACS, MainOne, SAT-3 da ACE sun lalace a teku, ayyukan da suka dogara da ƙetare suka shiga wani hali. Da ni ne, zan sa saba ɗaya a Legas, ɗayar kuma a Abuja ko Kano gwargwadon abin da awon ya nuna, bayan na tabbatar da wutar lantarkin wurin. Darussan da aka riga aka naɗa kuwa ana iya barin su a Turai, tunda ɗan jinkiri ba ya ɓata su.