Neman shawara: yaya zan aika katin besbol ta gidan waya bai lalace ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo maƙwabcina a nan jihar Ohio ta Amurka ya sayar mini da akwatin katunan 'yan wasan besbol da ya tara tun yana saurayi, na fara sa su a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Yanzu an sayi na Ken Griffey Jr., bugun Upper Deck na 1989, a kan dala 45, da wasu ƙanana na dala 3 zuwa 5. Mai sayen ya rubuto cewa in kula da kusurwoyin katin sosai. Ni kuwa ambulan ɗin wasiƙa kaɗai gare ni. Don Allah wanda ya san harkar ya taimaka, ba na son kayan mutum su isa a lanƙwashe.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kuskura ka jefa shi haka nan cikin ambulan. Wasiƙu ta cikin inji ake tace su, yana matsa su yana lanƙwasawa. Mutumin yana da gaskiya kan kusurwa: masu tantance kati irin su PSA maki 1 zuwa 10 suke bayarwa, suna duba kusurwa da gefe da fuskar katin, kuma kusurwa ɗaya da ta dakushe ta isa ta karya farashi.

Ka fara zura shi cikin 'yar ledar nan mai laushi da ake sayarwa ɗari-ɗari. Ka ɗan buɗe bakinta da yatsa, kusurwa ɗaya ta fara shiga, don a nan ne da yawa suke ɓata kati da hannunsu. Daga nan sai gidan roba mai tauri da ake kira toploda. Ba a sa kati a toploda babu leda, robar tana karce fuska. Ka rufe bakin da shuɗin salatif na masu fenti, ka naɗe ƙarshensa kaɗan don mai saye ya samu abin ja. Salatif na yau da kullum yana barin danƙo, har mutum ya ɗauko wuƙa kusa da katinsa. Sai ka yanko kwali biyu da suka ɗan fi toplodar girma, ka sa ta a tsakiya, ka manne. Ka girgiza kusa da kunnenka; in ka ji motsi, aiki bai ƙare ba.

Maman Ilham: Duk abin da Yaya ya faɗa haka yake, amma ƙananan nan kada kuɗin aikawa ya cinye maka riba. Akwai tsarin aikawa mai araha da ake kira eBay Standard Envelope, na katin da bai wuce dala 20 ba, da sharaɗin kaurin ambulan kada ya wuce kwatan inci, don haka ban da jibga kwali. Griffey kam ya wuce wannan. Ka sa shi a ambulan mai ledar kumfa a ciki, ka aika ta tsarin Ground Advantage na gidan wayar Amurka (USPS), akwai lambar bibiya da inshorar dala 100.

Malam Sani: Ka ɗauki hoton katin gaba da baya kafin ka rufe, ka miƙa a kantar gidan waya ka karɓi rasit. Kada ka rubuta abin da ke ciki a bayan ambulan. In Allah ya sa ka tsinci mai tsada a akwatin, a ƙaramin kwali za ka sa shi, kuma daga dala 750 eBay na buƙatar sa hannun mai karɓa kafin su kare ka in mai saye ya ce kayan bai iso ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mutum ɗaya ya sayi guda huɗu daga ƙananan, in ɗaure su da kyauro?

Baban Khalifa: A'a, kyauro yana cin gefen kati. Kowanne da ledarsa, ka haɗa su cikin leda mai manne baki, wadda za ta kuma kare su in ruwa ya taɓa ambulan.