Bunsuru ɗaya gare mu, maƙwabta gida 11: yaya zan yi da Kirsimetin bana?

Wata 'yar'uwa daga ƙasar Sumaila:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tun ina amarya, duk ranar 25 ga Disamba nakan dafa shinkafa da miya in aiki yara gida-gida, Kirista da Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da tuwon Sallah da naman layya. Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri, dawa ba ta yi ba. Abin da ke hannunmu bunsuru ɗaya ne, kwano shida na shinkafa da rabin buhun wake.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku. Danninta ya faɗi, ƙofar ɗakinta tsohon buhu ne a rataye, ga wannan hunturu. Maigidana ya ce a sayar da bunsurun a taimake ta. Ni kuma ina tsoron a ce mun yanke zumunci da sauran. Sannan bara wani gida sun maido mini da kwanon abinci ba a taɓa ba, har yau abin yana cina. Ku ba ni shawara.

Wani dattijon ikilisiya daga Karaye:
'Yata, maigidanki yana da gaskiya, amma ba sai bunsurun ya tafi ba. Danni ba kuɗi yake nema ba, kara yake nema da hannu. Yanzu aka gama yankan dawa, kara yana jibge a gonaki. Ki sa maigidan ya yi magana da matasan ikilisiya a kira gayya ranar Asabar, a sanar da mai unguwa, a gayyaci samarin Musulmi ma, tunda tsohuwar ta kowa ce. Kafin rana ta take an gama, har asabari a saƙa mata na ƙofa. Ke naki ki dama kunu ki dafa wake. Ki karanta Luka sura 14 a Littafi Mai Tsarki, daga aya ta 12, inda Ubangiji ya ce in za a yi biki a kira waɗanda ba su da abin ramawa. Sauran gidajen goma za su iya rama miki da Sallah. Ita ce ba za ta iya ba.

Wata uwa daga Roni, Jigawa:
Ni maganar kwanon da aka maido ce ta tsaya mini, don na sha irinta. Shekaru ina aikawa wani gida, ina ganin ƙiyayya ce, ashe yanka ne matsalar. Suna shakkar wanda ya yanka. Tun daga nan mahaucin garinmu muke kira ya yanka mana a bakin ƙofa, kowa yana gani, ya ɗauki ladansa ya tafi. Kuma na daina aika dafaffe zuwa gidan. Ana gobe Kirsimeti nake ƙulla ɗanyen nama da gwangwani biyu-uku na shinkafa, in kai da ƙafata, in zauna mu gaisa da uwargidan. Ba ta taɓa maido shi ba. Ƙanwata, kada ki aiki yaro wurin da kike da damuwa a zuciya. Yaro kwano kawai zai ajiye ya ruga.

Wani malamin makaranta daga Rogo:
Ni Musulmi ne, na tashi da Kiristoci katanga ɗaya. Mama, ki sani a cikinmu akwai masu cin abincin ranar, akwai masu ƙaurace masa saboda abin da malaminsu ya karantar da su. Mai ƙauracewa ba lalle ne yana ƙin ki ba. Haƙƙin maƙwabci babban abu ne a wurinmu. Irin wannan gidan, in kin bari bikin ya wuce kika kai musu kwanon wake a matsayin alherin kaka, da hannu biyu za su karɓa.

Wata shugabar Zumuntar Mata daga Tudun Wada:
Kwano shida ba zai ciyar da gida 11 da naku yaran ba, kada ki yaudari kanki, kuma don Allah kada ki ci bashi. Kowace shekara muna ganin mata suna karɓar bashin shinkafa a Disamba, Janairu ta zo da kuɗin makaranta, sai a kai geron ci kasuwa. Ki haɗa shinkafar da wake ki yi garau-garau, yana auki. Mu a zumuntarmu kowace mace tana kawo tiya ɗaya ta abin da ta noma, mu tara a gidan fasto. Rabi muke rabawa gwauraye da marayu kafin Kirsimeti, rabi mu ɓoye sai Yuli da Agusta. A Disamba ko matalauci yana da ɗan hatsi a rumbu. Lokacin da shuka ta yi kore rumbu kuma ya yi fayau, nan ne tsohuwar za ta kwana da yunwa, kuma a lokacin ba mai tunawa da ita.

In za ki kai mata, ki kai da dare, kada ki tafi da rakiya, kada a ɗauki hoto. Matiyu sura 6 a Littafi Mai Tsarki a fili take kan wannan.

Wani matashi daga Garko:
Mama, ki leƙa masu gwanjo ranar kasuwa. Rigar sanyin yara ba ta kai kuɗin kaza ba. Jikokin nan sun fi bukatarta da tsokar nama.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan duka. Ya je wurin mai unguwa da yamman nan, an sa gayya Asabar mai zuwa. Bunsurun za a yanka, mahauci za mu kira, cinya ɗaya ta tsohuwa ce. Na ware kwano huɗu na wake na zuba toka na rufe a tulu saboda damina. Gidan da suka maido kwano kuwa, gobe zan shiga da kaina in gaishe su. Mama ta Roni, in na je in ta da maganar bara, ko in yi shiru?

Uwa daga Roni:
Ki yi shiru. Ki tambayi lafiyar yara, ki sha ruwan da aka kawo miki, ki taso.