Neman shawara: an kawo mini jirgin Spitfire na haɗawa, da me zan manne shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya dawo daga Ingila ya yi mini tsarabar kwalin Airfix, jirgin yaƙin Spitfire na roba wanda mutum ke haɗawa da kansa. An rubuta 1:72 a jikin kwalin. Da na buɗe sai na tarar da ƙananan sassa maƙale a jikin firam, ga takardar bayani, ga wata takarda mai tambura, amma ba gam ba fenti. Shin supa gulu na shago zai yi? Akwai kuma ragowar fentin ƙofa a gida. Ɗaya ne tilo, shi ya sa ban taɓa komai ba sai na ji daga gare ku.

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi dabara da ka tambaya tukuna. 1:72 ɗin nan na nufin an rage girman jirgin gaske sau 72. Faɗin fukafukan Spitfire ya ɗan haura mita 11, to naka zai tashi wajen santimita 15. Da shi mutane da yawa suka fara, don tun shekarun 1950 Airfix ke yin sa a wannan ma'aunin.

Batun gam kuwa, ka ajiye supa gulun nan. Gam ɗin wannan sana'a, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, narka fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su zama abu ɗaya. Za ka haɗa ɓarin jikin jirgin biyu, ka riƙe, ka ɗan taɓa bakin mahaɗar da tsinin buroshin da ka tsoma a gam ɗin, sai ka ga ruwan ya bi layin da kansa. Kada yatsanka ya kusanci wurin, in ba haka ba zanen yatsan zai zauna a jikin robar har abada. Supa gulu kuwa kafin ka daidaita fiffike ya riga ya kama, kuma tururinsa na sa gilashin matuƙi ya yi fari fat. Shi gilashin ma ko da gam ɗin Tamiya kada ka taɓa shi, farin gam na kafinta za ka ɗiga da tsinken sakace, in ya bushe ba a ganinsa.

Sassan kuma ba a murɗe su daga firam. Yanka ake yi da abin yanke farce, a goge wurin da sanfefa mai laushi. Ka gwada kowane sashe ba gam ka ga ya zauna kafin ka manne.

Malama daga Zariya:
Ni da ɗana muke yi. Malam, fentin ƙofa ya yi kauri, zai cike 'yan layukan da aka zana a jikin jirgin, su ne kuwa kyansa. Ka nemi fentin akirilik a shagon masu zane, ka tsinka shi da ruwa, ka shafa siriri sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafin farko zai yi muni, kada hankalinka ya tashi. Ka fara wanke sassan da ruwan sabulu don fentin ya kama. Sannan cikin ɗakin matuƙi ake fara fentawa, in ka rufe jikin jirgin buroshi ba ya shiga.

Mai gyaran waya:
Ni dai da supa gulu na haɗa nawa, ga shi nan kan talabijin lafiya lau.

Tsohon hannu:
Ɗauko mana hoton gilashin mu gani, Malam. Ban ce ba ya kamawa ba. Kai kuma ƙanena, in babu yadda za ka yi, ka sa ɗigo ɗaya na supa gulun da bakin allura, ka nisanta shi da gilashi. Amma tunda Yaya na zuwa Ingila, ka sani ba a cika yarda a sa irin gam ɗin Tamiya a jakar jirgi ba saboda yana kama wuta, gara a nema wajen masu sayarwa ta intanet.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tamburan fa, Yallabai? Na ɓanɓara ba su fita. Kuma akwai wani ɗan mutum-mutumin matuƙi, Hajiyarmu ta gani ta ce ba a gidanta ba.

Malama daga Zariya:
Ka bi maganar Hajiya, da yawa ma ba sa saka shi don a ga kujerar. Tamburan ba sitika ba ne. Ka yanko ɗaya, ka tsoma a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, sai ya fara zamewa daga takardar, ka tura shi kan jirgin da jiƙaƙƙen buroshi, ka danne da auduga. Kan fenti mai sheƙi ya fi kwanciya. Kuma yanzu hunturu ne, da ka gama shafa fenti ka kifa roba a kai, ƙura ba ta da kunya.

Tsohon hannu:
In wannan ya yi kyau, na biyu ka nemi Alpha Jet ka yi masa kore-fari-kore irin na sojojin samanmu. Shi tayarsa ta uku a hanci take, sai ka cusa ɗan ƙarfe a hancin kafin ka rufe, in ba haka ba da jela zai zauna.