Me ya sa abotar sakandare take yin sanyi bayan an kammala makaranta?

Ɗalibar Jami'a:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. Lokacin da muke sakandare ina da ƙawaye waɗanda har malamai sun san shaƙuwarmu, domin tare muke zama a aji, tare muke bitar darasi, kuma babu sirrin da ɗayarmu take ɓoye wa sauran. Tun da muka rubuta jarrabawar ƙarshe kowa ta kama gabanta, wata ta samu gurbin karatu a gari mai nisa, wata ta yi aure, wata kuma ta fara aiki. Babu faɗa a tsakaninmu, amma zauren WhatsApp ɗinmu yakan yi makonni babu wadda ta ce uffan, kuma idan na kira wadda na fi kusa da ita, da zarar mun gama gaisawa sai magana ta ƙare. Shin haka abin yake ga kowa, ko kuwa dama ƙawancen namu ba na gaskiya ba ne? Kuma ya dace in ci gaba da neman su alhali kusan kullum ni ce mai fara kira?

Malamin Sakandare:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki cire wa ranki tunanin cewa ƙawancenku na ƙarya ne. Abin da ya faru shi ne, makaranta ce take ɗauke muku nauyin haɗuwa ba tare da kun lura ba, domin tana tara ku wuri ɗaya kusan awa 30 a kowane mako, tana kuma ba ku abin magana iri ɗaya, wato malami ɗaya da jarrabawa ɗaya da fargaba ɗaya. Wani bincike da Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ta Amurka ya fitar a 2018 ya nuna cewa ana bukatar kimanin awa 50 na zama tare kafin sanayya ta fara zama abota, sannan fiye da awa 200 kafin mutum ya zama amini. Ɗalibi yana tara waɗannan awanni cikin zangon karatu ɗaya, amma wanda ya bar makaranta sai ya yanke su daga lokacin aikinsa ko karatunsa ko iyalinsa.

Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokin aikinsa Sam Roberts sun bibiyi wasu ɗalibai a Birtaniya tsawon wata 18 daga ƙarshen sakandare, kuma sun ga kusancinsu da tsofaffin abokai yana raguwa, alhali na 'yan'uwan jini bai ragu ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a wajen 'yan mata yawan yin hira ne ya fi riƙe ƙawance, su kuwa samari sai an haɗu an yi wani abu tare. Saboda haka kiran da kike yi yana da amfani fiye da yadda kike zato.

Tsohuwar Ɗaliba:

Ƙanwata, na yarda da bayanin Malam, sai dai ina ganin akwai gyara a yadda kike neman nasu. Zauren da ya tara mutane da yawa shi ne wurin da ya fi saurin mutuwa, domin kowa tana jiran wata ta fara magana, kuma babu mai faɗin damuwarta ta gaskiya a gaban jama'a. Ki zaɓi ɗaya ko biyu da kika san zuciyarki tana tare da su, ki riƙa neman su kai tsaye. Hirar taku kuma tana yankewa ne saboda labarin makaranta ya ƙare, an maimaita shi har ya gundure ku, kuma ba ku shigar da juna cikin sabuwar rayuwarku ba. Ki ba ta labarin darasin da yake ba ki wahala da mutanen da kike zaune da su yanzu, ki tambayi sunayen nata, ta yadda idan kun sake magana za a samu inda za a ɗora. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, don haka idan hutu ya zo ki daure ki je inda take.

Ma'aikacin Lafiya:

'Yar'uwa, game da tambayarki ta biyu, kada ki yi saurin ɗaukar shirunsu a matsayin wulaƙanci, musamman wadda ta yi aure da wadda take sabuwar ma'aikaciya, domin shekarun farko na waɗannan abubuwa suna cinye mutum gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne yadda ake karɓar ki idan kin kira. Wadda take amsawa da fara'a, ta tambayi lafiyarki, ta kuma nemi ki idan ta ga kiranki ya wuce ta, ki ci gaba da neman ta ko da ke ce mai farawa. Wadda kuwa kika lura kiran yana zame mata nauyi, ki rage zuwa gaisuwar lokaci-lokaci da taya murna ko jaje, ba tare da kin goge lambarta ko kin kai ƙararta wajen sauran ba.