Raspberry Pi 4 a kan batirin sola: yana mutuwa da azahar

Salamu alaikum, masana. Ina da ɗan shagon rubuta takardu da tura karatu a waya nan Maradi. Saboda yawan ɗaukewar wuta na sa aka kawo mini Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, daga Kano. Dalar Amurka 35 aka fara sayar da shi a 2019, amma kafin ya ƙetaro Ɗan Isa ya ci mini jikka 45.

Na haɗa shi da batirin sola mai volt 12 ta cajar mota. Da safe lafiya lau. Daga azahar, in kwanon shago ya ɗauki zafi, sai gargaɗin ƙarancin wuta ya fito a kusurwar allo, Pi ɗin ya yi nauyi, ya mutu ya tashi da kansa. Jiya ma takardar wani dattijo ta tafi, yana zaune yana kallona.

Na san volt 5 da amfiya 3 yake so, kuma yana rage gudu in zafinsa ya kai digiri 80. Na canja wayar cajar sau biyu, ba ta sake zani ba. Cajar ce ko zafin? Ko in haƙura in nemi ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel N100? Wanda ya gwada ta a kan sola, don Allah nawa ya saya?